Gwajin haihuwar bakwaini: me ya sa sakamako ke saɓawa, kuma wanne za a gaskata?

"Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Jidda, wannan cikina na uku ne. Ɗana na biyu bakwaini na haife shi, a sati 32. Da wannan cikin ya kai sati 21 na je wani mustausaf (ƙaramin asibiti) aka yi mini sikanin ta saman ciki, aka ce tsawon bakin mahaifata milimita 35 ne, lafiya lau. Bayan kwana huɗu na je babban asibiti aka yi ta ƙasa, aka ce 23 ne, ya gajarta, aka ba ni maganin da nake matsawa kowane dare. Shekaranjiya, ina sati 24, marata ta riƙe, na koma mustausaf aka duba ni da hannu, daga nan na wuce asibiti aka ɗebi ruwan gabana da auduga, aka ce gwajin ya nuna alamar haihuwa da wuri. Yanzu ciwon ya lafa amma ba na iya barci. Wanne zan gaskata? Ko na'urorin ne ba su da kyau?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya, Ya raba ku lafiya, Ya raya wanda kika haifa a baya. Duk wadda ta taɓa zama a gefen kwalbar jarirai tana kallon ɗanta ta cikin gilashi ta san abin da ke hana ki barci.

Tambayarki tana da rassa biyu. Me ya sa awo biyu na abu ɗaya suka bambanta da milimita 12 cikin kwana huɗu, sannan mene ne nauyin gwajin auduga da aka ce ya nuna alama? Amsata a taƙaice, kafin in warware ta: awon 23 shi ne abin dogaro, kuma likitocin da suka ba ki magani a kansa sun yi daidai. Gwajin auduga kuwa, yadda kika bayyana an yi shi, ba ya da ƙarfin da zai hana ki barci. Da wuya laifin ya zama na na'ura. Waɗannan gwaje-gwaje suna da sharuɗɗa, idan aka karya ɗaya sai sakamakon ya karkace ko da na'urar sabuwa ce fil.

Abin da gwaje-gwajen ke nema

A wajen likitoci, duk jaririn da ya zo kafin ciki ya cika sati 37 bakwaini ne, ba lallai sai ɗan wata bakwai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai kusan miliyan 13.4, wato kamar ɗaya cikin kowane goma. Kusan kashi biyu cikin uku naƙuda ce ke tasowa da kanta ko faya ta fashe kafin lokaci. Ragowar kuwa likitoci ne ke ciro yaron da gangan saboda hawan jini na ciki, ko zubar jini, ko yaro ya daina girma. Gwaje-gwajen da aka yi miki rukunin farko kaɗai suke hange. Mace na iya samun bakin mahaifa mai tsawo da gwajin auduga mai kyau, amma hawan jini ya sa a ciro ɗanta a sati 33, kuma gwajin bai yi ƙarya ba, ba abin da aka tambaye shi ba ke nan.

Awon bakin mahaifa ya samu gindin zama ne bayan wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1996, wanda ya nuna cewa gwargwadon gajartar bakin mahaifa a tsakiyar ciki, gwargwadon ƙaruwar haɗarin haihuwa da wuri. Daga nan aka tsayar da milimita 25 a matsayin iyaka kafin sati 24: abin da ya kai 25 ko ya gaza, gajere ne.

Me ya sa 35 ya koma 23

Awo ta saman ciki yana buƙatar mafitsara ta cika kafin a hango bakin mahaifa. To cikakkiyar mafitsara tana danne ƙasan mahaifa, ta haɗe bangonta biyu, sai wurin da ba bakin mahaifa ba ya yi kama da ci gabansa. Mai awo zai ja layi da zuciya ɗaya ya samu 35, alhali wani ɓangare na abin da ya auna bangon mahaifa ne da fitsari ya matse. Ga kan jariri da ƙashin mara da kitsen ciki, duk suna iya tare hanya. Shi ya sa awon saman ciki yake yawan ƙara tsawo, kuma matan da ya fi kuskurewa su ne masu gajeren bakin mahaifa, wato ainihin waɗanda ake nema. Ga mace irinki mai tarihin bakwaini, ni ba na yanke hukunci da shi sam.

Awo ta ƙasa shi ne ma'auni, amma shi ma yana da ladubbansa. Sai mace ta yi fitsari tukuna. Sai mai awo ya shigar da na'urar a hankali, ya ga hoton, sannan ya ɗan janye ta, domin idan ya danna da ƙarfi bakin mahaifa yana miƙewa ya ƙara tsawo. Dole a ga ƙofar ciki da ƙofar waje da hanyar da ke tsakaninsu a hoto ɗaya, a faɗaɗa hoton sosai. Sannan ba a gaggawa: bakin mahaifa nama ne mai rai, yana iya sauyawa cikin mintuna, don haka ana kallo na minti uku zuwa biyar, a auna sau uku, a rubuta mafi gajarta daga cikin awon da suka fito da kyau. Wani lokaci ƙasan mahaifa kan ɗan murɗa ya ɓoye buɗewar da ke sama, idan aka jira sai murɗawar ta saki, gaskiya ta fito. A wajen aikina na sha ganin awon da ya fara da 30 ya sauka ƙasa da 25 don kawai an yi haƙurin jira.

Ki lura da wani abu: yawancin kura-kuran nan, cikar mafitsara da dannawa da gaggawa, tsawo suke ƙarawa. Kuskuren da ke rage tsawo bai kai su yawa ba. Saboda haka idan awo biyu suka saɓa, kuma gajeren ta ƙasa aka yi shi a hannun wanda ya ƙware, shi ake ɗauka. Hannun mai awo ma abin dubawa ne. Ko tsakanin ƙwararru biyu ana samun bambancin 'yan milimita, shi ya sa cibiyoyi irin su Fetal Medicine Foundation ta Landan suke ba da takardar shaida ta musamman a kan wannan awo kaɗai. Idan aka ce wa mace 26 yau, 24 jibi, ba lallai wani abu ya sauya a jikinta ba. Amma 35 da 23 ya wuce wannan, bambancin hanya ne.

Lokaci ma yana da tasiri. Kafin sati 14 ƙasan mahaifa bai gama bambanta da bakinta ba, awon ba ya da ma'ana sosai. Bayan sati 28 zuwa 30 kuma bakin mahaifa yana fara gajarta da kansa ko ga mai lafiya, don haka 25 a sati 31 ba ɗaya yake da 25 a sati 20 ba. Tsakanin sati 16 da 24 ne awon ya fi faɗin gaskiya, kuma naki a cikin wannan tsakanin ya faɗo.

Gwajin auduga

Abin da aka fi nema a ruwan da aka ɗiba shi ne wani sinadari mai suna faibironektin, wanda yake aiki kamar danƙon da ke manne jakar jariri da bangon mahaifa. A farkon ciki ana samunsa a ruwan gaba ba tare da wata matsala ba. Daga wajen sati 22 yakan ɓace, sai kusa da haihuwa ya dawo. Idan aka gan shi tsakanin sati 22 da 34, har ya kai nanogiram 50 a kowace mililita, ana ɗauka cewa wani abu ya taɓa wannan mannewa. Akwai wasu gwaje-gwajen masu kama da shi da ke neman wasu sinadarai daban, irin su Actim Partus da PartoSure. Ba ki faɗi wanne aka yi miki ba, ki duba takardar, amma zan yi bayani a kan faibironektin domin shi aka fi nazari a kai.

Matsalar ita ce abubuwa da yawa na sa a ga sinadarin ba tare da naƙuda na tafe ba. Duba da hannu na ɗaya daga cikinsu: yatsa idan ya taɓa bakin mahaifa yana iya sakin sinadarin, shi ya sa ƙa'ida ita ce a ɗebi ruwan kafin a taɓa mace da komai, kafin hannu, kafin sikanin ta ƙasa, kafin kowace auduga. Idan an riga an duba, sai a jira awa 24. Ke kuwa an duba ki da hannu a mustausaf, bayan 'yan awoyi aka ɗebi ruwan a asibiti. Ina kyautata zaton waɗanda suka ɗiba ba su san da dubawar farko ba. Wannan kaɗai ya isa ya raunana sakamakon.

Jini ma haka, domin akwai ɗan'uwan wannan sinadari a cikin jini, kuma gwajin na iya kama shi. Maniyyi ma yana ɗauke da shi, don haka saduwa cikin awa 24 kafin gwaji na iya sa ya nuna alama a banza. Idan faya ta riga ta fashe ko bakin mahaifa ya buɗe santimita uku, gwajin ba ya da amfani, abin da ake tsoro ya riga ya bayyana. A ɗaya ɓangaren kuma, man da ake shafa wa ƙarfen dubawa, da sabulu, da magungunan matsawa, suna iya dagula gwajin. Ke kina matsa magani kowane dare, wannan ma abu ne da ya kamata mai ɗibar ya sani.

A nan ne nake son in tsaya in yi magana da mu mata, mu Hausawa. Kunya adonmu ce, amma a ɗakin likita tana iya jawo kwanciyar asibiti da allurai da ba a buƙata. Idan ma'aikaciya ta tambaya ko an sadu da maigida jiya, da yawa daga cikinmu sai mu sunkuyar da kai mu ce a'a, musamman idan uwar miji ko ƙanwar miji ce ta rako mu, ko kuma yaro ne ke yi mana tafinta da Larabci. Haka ba ma faɗin matsi, ko miski da ake sawa bayan tsarki, ko wanke ciki da sabulu, don muna ganin ba magani ba ne. Ba don bin diddigi ake tambayar ba. Amsar ce ke nuna ko za a yi gwajin yanzu ko a jira gobe. Kina da damar ki ce 'yan rakiya su ɗan fita, kina da damar ki nemi mace ta duba ki. Ki faɗa ko ba a tambaye ki ba.

Akwai wani abin da zai kwantar miki da hankali ko da a ce an yi gwajin bisa ƙa'ida. Ƙarfin wannan gwaji yana wajen cewa a'a. Idan bai nuna alama ba, kusan 99 cikin 100 na matan ba za su haihu cikin sati ɗaya zuwa biyu masu zuwa ba, sai a sallame su hankali kwance. Har ma idan an sadu ko an duba da hannu amma gwajin ya fito babu alama, ana yarda da shi, domin waɗannan abubuwa ƙara sinadarin suke yi, ba rage shi ba. Amma idan ya nuna alama, mafi yawan matan, da rata mai yawa, ba sa haihuwa a cikin wannan lokaci. Ma'anarsa a sa ido, ba wai haihuwa ta zo ba. Akwai na'urorin da ke ba da adadin sinadarin maimakon e ko a'a, kuma mai 60 da mai 500 ba a matsayi ɗaya suke ba, ko da yake dukansu za a ce musu gwaji ya nuna. Idan akwai lamba a takardarki, ki nuna wa likitarki.

Wace ce aka yi wa gwajin

Sakamako ɗaya yana da nauyi daban a jikin mata daban. A 2017 an wallafa wani bincike a Amurka a kan mata sama da 9,000 masu cikin fari, aka auna musu bakin mahaifa aka yi musu gwajin faibironektin, sai aka ga gwaje-gwajen sun kasa gano mafi yawan waɗanda suka haifi bakwaini daga baya. Ga macen da ba ta da wani tarihi, hasashensu mai rauni ne. Amma ga wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, ko ta yi ɓari a tsakiyar ciki, ko aka taɓa yanke mata wani ɓangare na bakin mahaifa, ko aka yi mata tiyatar ciro jariri bayan bakin mahaifa ya gama buɗewa, gajeren awo magana ce babba. Tagwaye kuma lissafinsu daban ne, domin su dama sukan zo da wuri. Saboda haka ne wasu likitoci a Landan suka ƙirƙiro manhajar QUiPP, wadda ke haɗa tarihin mace da satin cikinta da awonta da adadin sinadarin, ta fitar da kaso na haɗari. Ba ta maye gurbin likita, amma ta nuna hanyar tunanin da ta dace: ba a karanta lamba ita kaɗai.

Wannan shi ya sa ban ce miki ki manta da komai ba. Gwajin auduga na sassauta, amma 23 tare da haihuwar sati 32 a baya, wannan haɗin na ɗauke shi da muhimmanci.

Lissafin watanni

Dukkan iyakokin nan, sati 16 da 22 da 24 da 34, sun rataya ne a kan sanin satin ciki daidai. A nan Saudiyya yawancinmu da watan Musulunci muke lissafi, wasu takardun kuma da na Bature, sai a cakuɗa. Cikakken ciki kwana 280 ne daga ranar farko ta hailar ƙarshe, wato kusan wata tara da rabi na Musulunci. Macen da ta ce ta shiga wata na tara, idan daga haila take ƙirgawa, ba ta wuce sati 34 ba, kuma idan ta haihu a ranar bakwaini ta haifa. Wadda ta samu ciki tana goyo ba ta ga haila ba, ko wadda hailarta ba ta da tsari, ita ba ta ma da ranar farawa. Sikanin da aka yi kafin sati 14 yana faɗin satin ciki da kuskuren kwana biyar zuwa bakwai kacal. Wanda aka fara yi a watannin ƙarshe yana iya kaucewa da sati uku. Idan lissafi ya zame da sati biyu, za a iya yi wa mace gwajin auduga tana sati 20 ana zaton 22 ne, a ga sinadarin da dama lokacinsa ne na kasancewa a wurin. Ki adana takardar sikanin ɗinki na farko, kada a riƙa sauya miki ranar haihuwa a kowane sabon hoto.

Abin da nake ba ki shawara

Ban gan ki ba, ban ga hotunan ba, don haka maganata ba ta maye gurbin ta likitar da ke duba ki. Amma da a gabana kike, ga yadda zan bi.

Ki tsaya a wuri ɗaya, kuma ya zama asibitin da ke da sashen jarirai bakwaini. Na san abin da ke sa mu yawo tsakanin mustausaf da asibiti: tsada, inshora, layi, wani lokaci matsalar takardun zama. Amma kin ga abin da ya jawo, wuri na biyu bai san abin da na farko ya yi ba. Idan dole ta sa kika je wani wuri, ki tafi da duk takardunki, ki fara da cewa an duba ni da hannu da ƙarfe kaza.

Ki ci gaba da maganin matsawar. Ina zaton firojestaron ne, wato sinadarin da ke taimaka wa ciki ya zauna, kuma manyan bincike sun nuna yana rage haihuwa kafin sati 33 da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye ga masu gajeren bakin mahaifa. Yawanci ana ci gaba da shi har sati 34 zuwa 36. Kada ki daina don ciwo ya lafa. Ki tambayi likitarki batun ɗinkin bakin mahaifa, domin mai tarihi irin naki da gajeren awo tana cikin waɗanda ake duba wa shi, sai dai galibi kafin sati 24 ake yi, ke kuma kina kan iyakar, hukuncin zai danganta da abin da sabon awo ya nuna. Ki nemi a sake awon ta ƙasa, mafitsara ba fitsari, a kwatanta da 23 ɗin. Bakin mahaifar da ya tsaya a 23 labarinsa daban da wanda ya sauka zuwa 15. A duba fitsarinki ma, domin ciwon sanyin mafitsara na tayar da ciwon mara kuma yana iya jawo naƙuda, ga shi maganinsa mai sauƙi.

Akwai dalilin da ya sa muke damuwa da sakamakon ƙarya, ba don tsoron da yake jefa mace kaɗai ba. Allurar da ake yi don ƙarfafa huhun jariri ta fi amfani idan haihuwa ta zo cikin kwana bakwai bayan yin ta, kuma ba allurar da ake maimaitawa barkatai ba ce. Idan aka yi ta a sati 24 saboda gwajin da ya gurɓata, sannan haihuwa ta zo a sati 31, an kashe damar a lokacin da ba a buƙace ta ba. Idan an riga an yi miki, ki riƙe ranar, ki faɗa wa duk likitan da zai karɓe ki.

Kwanciya dare da rana a gado ba a tabbatar tana hana bakwaini ba, tana ma iya jawo daskarewar jini a ƙafa. Ki yi hidimarki mai sauƙi, ki bar ɗaukar kaya masu nauyi, ki yawaita shan ruwa, domin zafin Jidda na busar da jiki, bushewar kuma na sa mahaifa ta riƙa murɗawa. Idan kina da niyyar Umra, ki ɗaga ta tukuna, cunkoson ɗawafi da tafiyar Safa da Marwa ba na wannan lokacin ba ne. Batun saduwa kuma ki tambayi likitarki kai tsaye, amsar ta danganta da awonki na gaba.

Kada kuma wani sakamako, mai kyau ko marar kyau, ya sa ki zauna a gida idan jikinki ya yi magana. Ruwa na zuba ko yana ɗiga, jini ko kaɗan ne, ciwon mara ko na baya mai zuwa yana dawowa a kan tsari, jin nauyi kamar yaro na turowa ƙasa, zazzaɓi, ko raguwar motsin yaro: kowanne daga cikinsu, ki tafi babban asibitin kai tsaye ko da tsakar dare ne, kada ki biya ta mustausaf. Lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar 997 ce, layin shawara na Ma'aikatar Lafiya kuma 937. Da kin isa ki ce musu kina da gajeren bakin mahaifa da tarihin bakwaini, kuma idan za su ɗebi ruwan gwaji su ɗiba kafin a duba ki da hannu.